Tsakin da Aka Watsa wa Kaji

Ranar da Baba ya furzar da gahawar Mu'azzam a tsakar gida, ina can asibiti ina fama da mata masu awon ciki, ban san wainar da ake toyawa ba. Sai bayan la'asar na dawo, ruwan sama ya jiƙa ni sharkaf tun daga inda mai adaidaita ya sauke ni, na tarar da gidan tsit.

Goggo Saude, yayar Baba, tana zaune a rumfa ta miƙe ƙafa tana jan carbi da sauri. Duk wanda ya san Goggo ya san in carbinta ya fara irin wannan gudun, ba tasbihi take yi ba, magana take tarawa.

Na durƙusa na gaishe ta.

"Lafiya lau," ta ce ba tare da ta dube ni ba. "Ki je ubanki na kira. Mai shayinki ya yi abin kai."



Mai shayin da take nufi shi ne Mu'azzam, mutumin da na shekara biyu ina roƙon Allah ya ba ni. Ɗan Roni ne. Ya karanci aikin gona, ya nemi aikin gwamnati har takalminsa ya cinye, sai ya bi wani abokinsa Mambila. A can ya koyo sana'ar gahawa, ya dawo ya buɗe ɗan shago a nan Kazaure, bakin titin Daura. Gahawarsa ba irin ta gwangwani ba ce da ake barbaɗawa a shayi. 'Ya'yan yake soyawa da kansa, ya niƙa, ya zuba a wata farar takarda cikin mazurari, ya riƙa tsiyaya ruwan zafi a hankali tana ɗiga a kofi. Ni na sha, na san abin da yake yi. Amma a wurin Goggo duk wanda ya riƙe buta a bakin titi mai shayi ne, ga kuma ɗanta Yaya Jalaluddeen can a Dutse da ofis da mota, yana jiran a ce masa ga ni.

Baba bai taɓa cewa eh ba, bai kuma ce a'a ba. Maganarsa ɗaya ce kullum, sana'a ba ta da aibu in mutum ya iya ta. Ya sa wa Baffa Sama'ilu, ƙanin mahaifin Mu'azzam, ranar Juma'a ya zo ya ji amsa.

To wata huɗu ke nan da likita ya raba Baba da sukari. Mutumin da ya shekara arba'in ba ya karyawa sai da shayi mai kauri, ya koma kurɓar ruwan ɗumi yana hararar kowa. Da na ba Mu'azzam labari sai ya ce gahawar kirki ba ta neman sukari, bari ya aiko wa Baba ya gwada. Shi dai ba zai iya zama gaban Baba yana haɗa masa ba, mutumin da ko gaisuwa daga bakin zaure yake yi a tsugune. Sai ya ba Baffa Sama'ilu ƙunshin 'ya'yan da mazurari da takardun tacewa ya kawo a babur, aka yi rashin sa'a ya iso ranar Litinin ina wurin aiki.

Na yi sallama a ƙofar falon Baba, na zauna a ƙasa.

"Bahijja."

"Na'am, Baba."

"Yaron nan ya aiko mini da abin da yake sayarwa. Na sa an haɗa, na kurɓa." Ya goge baki da bayan hannu, sai ka ce har yanzu abin yana nan. "Na sha maɗaci, na sha maganin zazzaɓi irin na da. Ban taɓa sa abu mai ɗaci kamar wannan a bakina ba."

"Baba, wataƙila..."

"Ban gama ba. Wanda zai tsayar da mutane a hanya ya ba su wannan, ko dai bai iya ba, ko kuma ya raina su. Ko wanne ne a ciki, ba zan ɗauki 'yata in ba shi ba."

Ashe Goggo ta biyo ni, tana tsaye jikin labule.

"Ni fa ba ɗacin ne ya dame ni ba, Abatcha. A ce saura kwana huɗu ka ba da amsa, saurayi ya aiko maka baƙin abu ka ɗaga ka sha? Wa ya san abin da aka tofa a ciki?"

Na ga maganar ta shige Baba.

"Ba zan yi miki dole a kan Jalaluddeen ba," ya ce da ni, "ke ba yarinya ba ce. Amma abin yaron nan ba zai sake shiga bakina ba. Ki kira shi yanzu ki gaya masa, daga nan kuma ban yarda ku sake magana ba sai na ga baffansa ran Juma'a."

*

Da na ji muryarsa a waya, kukan da nake riƙewa ya ƙwace.

"Subhanallahi. Bahijja, me ya faru? Jikin Baba ne?"

Na gaya masa komai, har da maganar Goggo, don ban iya ɓoye masa abu ba. Ina jin ƙarar motocin titi ta cikin wayar.

"Asiri," ya ce a hankali. "Ni?"

"Ka yi haƙuri, don Allah."

"Ba ke kika faɗa ba. Wa ya haɗa masa?"

"Ban sani ba, ba na nan."

"Ba a ga takardar ba? Na rubuta yadda za a yi, na sa a cikin ƙunshin."

"Babu wanda ya yi zancen takarda."

Na ji ya ja numfashi.

"'Ya'yan nan ɗaya bayan ɗaya na tsince su, saboda Baba. Wallahi in an bi su a hankali har zaƙi-zaƙi suke yi. Amma ki ji, kada ki yi musu da shi. Ya ce kada mu yi magana, to ba za mu yi ba. In Allah ya rubuta, babu mai gogewa."

"In bai rubuta ba fa?"

"Sai in gode masa da shekara biyun da ya ba ni."

"Ni ban shirya wannan godiyar ba, Mu'azzam."

Ya yi 'yar dariya irin ta wanda hawaye ke idonsa.

"Ni ma ƙarya nake yi, ban shirya ba. Ki kashe wayar, ni ba zan iya ba."

Na kashe, na faɗa kan gado na rungumi filo. A nan hannuna ya taɓa takarda a ƙarƙashinsa, an ninke ta gida huɗu, da sunana a baya.

Ban tambayi kowa ba, na san aikin Inna ne.

Inna Dela Bafulatanar Gwiwa ce, ni kuma 'yar farinta. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, daga "ke" sai "waccan". In ana zancen aurena tashi take ta bar wurin. Ba ta karatun boko, amma ta san wasiƙar saurayi in ta gan ta, kuma ko da wuƙa a wuya ba za ta nemi a karanta mata ba, balle ta miƙo mini hannu da hannu.

Na warware na karanta.

"Bahijja, a daka kaɗan-kaɗan, kada ya zama gari. Tsaki ake so, kamar na gero. Cokali uku ya ishi kofi ɗaya. A fara jiƙa takardar tacewar da ruwan zafi a zubar. In ruwa ya tafasa a sauke, a bar shi ya huce kamar tsawon Ayatul Kursiyyu sau biyu. A ɗiga kaɗan a jira ya kumbura, sannan a riƙa zubawa a hankali ana zagayawa. In ya yi ɗaci, dakan ya yi laushi ko ruwan ya yi zafi. In ya yi tsami, dakan bai isa ba. Abu ɗaya za ki riƙa canzawa a lokaci guda. A gaida Baba da jiki."

Wasiƙar da ya taɓa rubuto mini ke nan a duniya, kuma ko "ina sonki" ɗaya babu a ciki. Na karanta ta ya fi sau goma.

Na je madafi na duba kwalbar da 'ya'yan suke, na auna da cokali. Kofi huɗu suka rage, Juma'a kuma saura kwana huɗu.

*

Ran Talata ina idar da sallar asuba na fito. Na wanke ƙaramin turmi har sau uku saboda warin daddawa, na goge shi ya bushe. Tsoron gari ya sa na ɗan farfasa 'ya'yan kawai na kwashe. Da na zuba ruwa, wucewa ya yi shuu kamar a kwando. Na kurɓa, sai tsami da salam, ko ƙamshin kirki babu.

Na zubar a bayan randa. Saura uku.

Ran Laraba na ƙara daka. Sai dai turmi ba inji ba ne, rabi ya zama gari, rabi yana nan manya-manya. Ruwan ya tsaya cak a mazurari, sai ɗis, sai an jima wani ɗis. Wannan karon ɗaci ne ya fara tarar harshena, tsami ya biyo shi a baya. Ni da nake sa wa jariri allura a jijiya ba na kuskure, ga shi 'ya'yan itace sun gagare ni.

Duk safiyar biyun Inna tana gefe tana hura wuta. Ba ta kalle ni ba, ba ta ce me kike yi ba.

Da yamma Yaya Jalal ya iso daga Dutse. Ya gaida Baba, ya ajiye masa gwangwanin gahawa da ƙwayoyin zaƙi na masu ciwon sukari, sannan ya sa aka kira ni zaure.

"Ƙanwata, an ce kin rame, ashe gaskiya ne."

"Aiki ne, Yaya."

"Aikin daka?" Ya yi murmushi. Goggo dai ba ta bar komai ba. "Wanda na kawo cokali ɗaya ne, a zuba ruwan zafi, an gama. Mene ne na wahalar da kai?"

Yaya Jalal ba mugu ba ne, shi ya koya mini keke ina ƙarama. Wannan ne ma ya sa maganar ta yi mini nauyi.

"Yaya, da ka san yadda nake ganin girmanka, da ba ka so in zo gidanka da rabin zuciya ba."

"Rabin ma ya ishe ni. Sauran zai biyo baya."

"In bai biyo ba fa?"

Ya juya makullin motarsa a hannu.

"Ni dai ga abin da ya kawo ni. In Kawu ya ce wa mutanen Roni a'a ran Juma'a, ran Asabar zan aiko. Ba na son ki ji a bakin wani."

Na gode masa, don ya kyauta da ya faɗa mini. Na koma ciki.

*

Ran Alhamis na zuba cokali uku a turmi, na ɗaga taɓarya, sai na kasa saukewa. In na ɓata wannan saura ɗaya. Ko da na gyara ma, wa zai sa Baba ya sha? Na ajiye taɓaryar na zauna a kan kujerar tsuguno, na kifa kai a gwiwa ina kuka ba sauti.

Na ji Inna ta daina fifita wuta.

"Ke."

Na ɗago. Ta ba ni baya, tana gyara itace a murhu.

"Takardar nan, me ta ce?"

Na zaci ban ji daidai ba. Na ciro ta daga cikin hijabi, na fara karantawa. Ina zuwa "kada ya zama gari" na ga hannunta ya tsaya.

"Sake faɗa."

"Kada ya zama gari. Tsaki ake so, kamar na gero."

"Tsaki," ta ce. "Tsaki za a kai wa Malam?"

"Haka ake yi, Inna. Garin ne yake toshe takardar, ruwa ya daɗe a ciki ya ɗebo ɗaci."

Ta zauna daɓas a ƙasa, abin da ban taɓa gani ba. Ta ja bakin mayafinta ta rufe rabin fuska.

"Ni na haɗa masa ran Litinin."

Na zuba mata ido, ta ci gaba.

"Na ga abin baƙo ne, kuma na maigida. Na daka shi lilis, na tankaɗe sau biyu da rariyar laushi. Garin na ɗiba, cokali shida, kada a ce mun yi wa Malam rowa. Ruwan yana kan wuta yana tafasa na juye gaba ɗaya, da ya ƙi sauka na sa cokali na yi ta dannawa. Tsakin kuma na watsa wa kaji. Su ma ba su ci ba."

Ban san lokacin da dariya ta kama ni a cikin kukan ba. Ita ba ta yi dariya ba, hawaye ne ke bin kumatunta.

"Shekara talatin ina gidan nan, ban taɓa kai wa mahaifinki abin da ban tankaɗe ba. A gidanmu tsaki na kaji ne da yara. Ni na ɗauka girmama shi nake yi, da shi da wanda ya aiko."

"Na sani, Inna. Ba laifinki ba ne."

"Laifin wa ne? Ruwa ba ya tsami banza. Ina ji Yaya Saude tana jingina wa ɗan mutane asiri, na san hannuna ne, na yi shiru. Kwana uku ban yi barcin kirki ba."

Na matsa kusa da ita, na kama gefen zaninta.

"Inna, ki gaya wa Baba. Don Allah. Ke kaɗai zai ji."

Ta janye zanin.

"Ni in buɗe baki a kan maganar aurenki? A gaban yayarsa? Sai a ce Dela ta zubar da kunya, tana yi wa 'yar farinta neman miji. Har Gwiwa sai maganar ta je. Kada ki sake roƙona wannan."

Na san iyakarta ke nan, ban ƙara ba. Ta share fuska, ta miƙe, ta ɗauki taɓaryar da na ajiye.

"Kamar na gero ya ce?"

"Eh."

"To ai ba haka ake fitar da tsaki ba. Matsa."

Na koma gefe ina kallo. Ba ta ɗaga taɓaryar sama ba, daddanawa take yi tana murzawa. Ta kwashe ta zuba a rariya mai faɗin ido, manyan da suka tsaya ta mayar turmi ta sake bi. Sannan ta ɗauko rariyar laushin nan tata, ta kaɗa, garin ya zube a faifai. Abin da ya rage a saman rariyar ta miƙo mini, kowane ƙwaya daidai da ɗan'uwansa.

"Yau garin ne na kaji," ta ce.

Na jiƙa takarda na zubar da ruwan. Na sauke buta, muka tsaya ni da ita ina karanta Ayatul Kursiyyu a zuci, ina ganin leɓenta ita ma yana motsi. Na ɗiga kaɗan. Sai tsakin ya taso ya kumbura yana 'yan kumfa, ƙamshi ya cika madafin. Na riƙa zagayawa da ruwan siriri-siriri, yana sauka ba gudu ba tsayawa.

Na kurɓa, na rufe ido. Irin ta shagon ce sak. Ɗan ɗaci mai laushi a farko, sannan wani zaƙi-zaƙi ya biyo baya ya zauna a maƙogwaro.

Na miƙa mata. Ta ɗanɗana, ta juya shi a baki, ta dubi kofin.

"Ashe yaron ya iya," ta ce, ta koma wajen wutarta.

Daɗi ya kama ni, amma bai daɗe ba. Kofi ɗaya ya rage, kuma Baba ya riga ya ce ba zai sha ba.

*

Ran Juma'a Inna ta fitar da tsakin kafin ma in fito, ta rufe shi da faifai ta bar mini. Na haɗa, na ɗora kofin a tire.

Baba yana rumfa a kan darduma da ruwan ɗuminsa, Goggo na gefe tana shan koko. Gwangwanin Yaya Jalal na nan kusa da shi, sau ɗaya ya gwada ya ture. Na durƙusa na ajiye tiren a gabansa.

Ƙamshin ya riga ni isa. Na ga hancinsa ya motsa, amma fuskarsa ba ta saki ba.

"Mene ne wannan?"

"Baba, gahawar ce. An sake haɗawa."

"Me na gaya miki ran Litinin?"

"Ka ce ba za ka sake sha ba."

"To ɗauke."

"Ka gani ko?" Goggo ta ajiye ludayi. "Yarinyar da ba ta taɓa tsallake maganarka ba. In ba a yi mata wani abu ba, me zai sa ta dawo maka da shi?"

Hawaye ya cika mini ido har ban ga kofin sosai ba. Na kai hannu zan ɗauki tiren.

"Bar shi."

Muryar Inna ce. Ta fito daga madafi, ta ja mayafi har goshi, ta zo ta durƙusa nesa kaɗan da Baba, kanta a ƙasa.

"Malam, ina da magana."

Baba ya dube ta da mamaki. Goggo ta saki baki.

"Dela, a kan maganar 'yar taki?"

"A kan abin da hannuna ya yi, Yaya." Muryarta ƙasa-ƙasa, amma ba ta tsaya ba. "Na ran Litinin ni na ɓata shi. Yaron ya rubuto yadda za a yi, ni na ɓoye takardar don kunya, ban bari an karanta ba. Ya ce tsaki, na yi gari. Ya ce cokali uku, na zuba shida. Ya ce a bar ruwa ya huce, na juye yana tafasa. Ɗacin da ka sha nawa ne, ba nasa ba. Na ji ana ce masa mai asiri, na yi shiru, ina neman gafarar Allah da taka."

Ta nuna kofin da ke kan tire.

"Wannan ni na daka. In akwai abin da aka tofa a ciki, bari ya fara da ni."

Ta miƙa hannu ta ɗauki kofin Baba, a gaban yayarsa, ta kurɓa. Ta mayar ta ajiye, ta sake sunkuyar da kai.

Baba ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ɗauki kofin, ya yi bisimilla, ya kurɓa kaɗan. Ya riƙe a baki. Ya sake kurɓa, wannan karon da yawa.

"Babu sukari a ciki?"

"Babu, Baba."

Ya shanye har sai da ya ga ƙasan kofin. Ya ajiye shi a hankali, ya juya wajen Goggo.

"Yaya, rashin sani ya fi dare duhu. An zalunci yaron nan a gidana, kuma da bakina."

"Yanzu saboda kofi ɗaya, Abatcha..."

"Saboda kofi ɗaya na kore shi, ai ba ki ce ya yi kaɗan ba." Ya faɗa da ladabi, amma ya faɗa. "Jalaluddeen ɗana ne, ni zan kira shi da kaina in ba shi haƙuri. Allah ya ba shi wadda ta fi ta."

Goggo ta tattara kwanon kokonta ta shige ɗaki. Na san za a yi kwanaki ana fama, amma ranar ban damu ba.

"Bahijja."

"Na'am, Baba."

"Ki kira shi. Ki ce baffansa ya zo bayan masallaci kamar yadda aka yi, su taho da goronsu. Shi ma ya biyo su, ina da haƙurin da zan ba shi."

Na kifa goshina a ƙasa a gabansa, na kasa cewa komai sai "na gode, Baba, Allah ya ƙara girma," ina maimaitawa. Da na ɗago, Inna ba ta wurin.

A bayan madafi na same ta, ta tsuguna tana wanke turmin da tun ɗazu a wanke yake. Na durƙusa a bayanta. Ina da magana cike da ciki, ta shekara ashirin da bakwai, amma babu wadda ta fito sai ɗaya.

"Inna, na gode."

Ba ta juyo ba.

"Ban san me kike cewa ba."

"Na san abin da ya ci miki. Na san za a yi ta magana har Gwiwa. Allah ya saka miki da Aljanna, Inna, ya ba ni ikon yi miki ko rabin..."

Kuka ya hana ni ƙarasawa. Na kwantar da kaina a bayanta, abin da rabona da yi tun ina goye. Na jira ta ture ni. Ba ta ture ni ba. Na ji bayanta yana jijjiga, hannunta jiƙe da ruwa ya zagayo ya dafa kaina, ya ɗan tsaya a nan.

Sannan ta janye, ta ja majina, ta ci gaba da cuɗa turmin.

"Tashi ki kira mutane," ta ce, "kada su taso daga Roni da faɗuwar gaba."